Taki Arba'in

Bayan asuba muka kama hanya,
ni da Nomau mai awaki, da gorar ruwa ɗaya.
Dutsen Kwatarkwashi ya tare mana sama
kamar bajimin sa da ya kwanta ya ƙi tashi.

Takalmin da na sayo a Gusau domin wannan rana
tun a hawan farko ya soma cizo.
Na tuɓe shi na rataya a wuya.
Nomau ya yi dariya, ya ce, Malam,
dutse tafin ƙafa ya sani.

Muka bi ta wani tsagi
inda ɓaure ya cusa saiwa ya raba dutse biyu.
Ƙadangaru suna ta gyaɗa mana kai,
ban sani ba ko maraba ce ko tsegumi.
Rema ta leƙo, ta koma.
Ƙirjina ya zama zugazugin maƙera,
gwiwa tana cewa a juya,
ina ce mata saura ƙiris, alhali ƙarya nake.

Da hantsi ya dubi ludayi muka iske ganuwa.
Duwatsu ne aka ɗora kan duwatsu,
wani wurin ta kai ƙugu, wani wurin ta zube,
ƙayar sarƙaƙiya ta gaji tsaron ƙofa.
Ƙofar kuwa ƙarama ce, sai mutum ya karkace.
Na dafa ta. Da ɗumi, kamar yanzu wani ya ɗauke hannu.
Wa ya ɗauko wannan? Da wace wuya?
Tsoron wa ya hau da su nan, har da tukwane da jarirai?

Kakata Tumba ta sha faɗa mini:
daga ƙofa, ka sa rana a kafaɗar dama,
taki arba'in, za ka ga ramin niƙan uwata.
Na sa rana inda ta ce. Na ƙirga.
Arba'in ta kai ni bakin gangare, babu komai
sai kashin awaki da iska.
Na sake. Haka dai.

Nomau yana zaune kan bango yana latsa waya,
wai nan ne sabis ya fi ƙarfi.
Bai ɗago ba ya ce,
shekarunta nawa sa'ad da ta ƙirga?

Na tsaya.
Bakwai, ko takwas.

Na koma ƙofa, ni da furfurata,
na riƙa taka ƙasa kamar yarinya mai talla,
ɗan taki, ɗan taki,
talatin da tara, arba'in.
Ga shi nan.
Kwarmi mai santsi, tsawon kamu guda,
ruwan jiya ya kwanta a ciki, gajimare yana wucewa ta kansa.

Na durƙusa na kwashe ruwan da hannu.
Na zuba geron da na ƙullo a bakin rawani.
Ba dutsen niƙa, ba mai niƙa.
Can ƙasa garin ya yi kamar shanyar barkono,
motocin hanyar Zariya kamar tururuwa,
mikiya tana shawagi ƙasa da mu.

Nomau ya ce a sauka, rana za ta gasa dutsen.
Saukar ta fi hawan wuya,
da mazaunai na yi rabinta, wandona ya shaida.
Da na waiga daga tsagin ɓaure,
kurciyoyi biyu sun sauka inda na bar geron.