Igiyar Ba-ruwana

Sunan karena Ba-ruwana.
Ni na raɗa masa, da habaici a bakina,
ban san wata rana sunan zai juyo
ya kama ni a ƙafa ba.

Turbar da ta fita daga Kantoga
ta bi gefen rogon Barau,
ta ratsa kukoki biyu, ta hau dutse,
ba wanda ya saye ta, ba wanda ya gada.
Tafin ƙafa ne ya share ta:
masu itace, masu ɗibar ruwa,
jaki da mangala,
'yan makaranta da takalmi a hannu.

Shekara uku muna bin ta,
shi a gaba, ni a baya, wuyansa wayam.
In mutum ya ja da baya sai in yi dariya:
"Wuce abinka, ba ya cizo."
Na faɗi maganar nan har ta yi laushi
kamar tsohon tsumma.

Sai ranar kasuwa.
Tasalla 'yar Ilu ta sauko da ƙwarya a ka,
ƙwan zabi arba'in kwance cikin ƙaiƙayi,
kuɗin maganin kakarta, a ƙirge tun daga gida.
Bai yi haushi ba, bai nuna haƙori ba.
Gudu kawai ya yi wajenta yana kaɗa wutsiya,
shi a ganinsa gaisuwa ce.

Na ji fashewar ƙwarya kafin in ji kukanta.
Gwaiduwa ta bi tsagin dutse,
shi kuwa ya sa harshe yana lasa.

"Ai ba ya cizo," na ce, muryata ƙasa-ƙasa.
Ta dube ni, gwiwa na jini:
"Baba, kai ka sani.
Ni a ina zan sani?"

Zakara biyu na sayar na biya ƙwai.
Tsoron kuwa na zaga kasuwar Birnin Kudu
ban sami mai faɗa mini farashinsa ba.
Wata guda tana zagayawa ta burtali,
tafiyar hantsi ta koma ta azahar.

Na jiƙa rama, na murza a cinya,
igiya gaba biyu.
Ya turje, ya kwanta, ya harare ni
kamar na ci amanarsa.
Na ce, "Tashi, ba wuyanka kaɗai ta kama ba,
ɗaya bakin ga shi a hannuna."

Yanzu sai mun kai ƙoli,
inda babu kowa sai rema da iska,
nake kwance shi ya sha gudunsa.
In za mu sauko, in mayar.

Jiya mun haɗu da ita a tsakanin kukoki.
Ba ta dubi karen ba,
ba ta dube ni ba.
Igiyar ta duba, tun daga wuya har hannu,
ta gyara gammo.
Ba ta gaishe ni ba,
amma ta wuce.