Kuran Ya Tafi, Gardama Ta Zo

Ƙarfe biyu na rana kuran ya tafi.
Ƙofar da nake yi wa walda ta tsaya rabi,
rabi ƙarfe, rabi alkawari.
Na aje tabarau, na ja benci
zuwa inuwar bedi, wurin shayin Nomau,
majalisar duk wanda wuta ta yasar a unguwar Zariya.

Tsahiru ya fara, mai shagon panno a bakin tasha:
"Rana kyauta ce, Lawali,
ba ta aiko takarda ƙarshen wata.
Ɗora huɗu bisa rufi ka huta."
Na ce, na ji, rana kyauta ce. Batir fa?
Ka taɓa jin rana ta ba da bashi?
Kuma injina in ya buɗe baki
zai shanye huɗun nan kafin buta ta tafasa.

Illiya, ɗan ƙanena, ya dawo daga taro a Yamai
da riga mai hoton ganye.
Ya ce duniya zazzaɓi take,
hayaƙi ya lulluɓa wa sama bargo,
a bar gazuwal, a bar gawayin ƙasa, a bar itace.
Har shekarar dainawa ya faɗa.
Na ƙirga da yatsu:
lokacin ko ina kushewa, ko ina nan ina jiran kuran.

Gado direba ya buga cinya.
"Su da suka ƙona nasu har suka ƙoshi,
yau ƴar fitilarmu ce ta tsone masu ido?
Mai na kwance gabas, ƙarƙashin rairayinmu.
Wanda ya suɗe kwano
ba shi zai koya wa mai yunwa azumi ba."

"Baba Gado, ruwan bara fa?
Wa ya kwantar da katangarka a Bagalam?
Da ya zo, ya tambayi wanda ya fara hayaƙi?"
Gado ya duƙa yana kallon kofinsa.
Mun daɗe muna jin ƙuda.

Can gefe Kuluwa na tuyar ƙuli-ƙuli,
ido ja, tana tura kara a murhu.
Ba wanda ya nemi bakinta. Ta ce:
"Butalin gas ɗina ya zama kujera tun azumi.
In kun gama gyaran duniya
ku gaya mini da me zan dafa na dare."

Sai ga amalanken Tunau daga hanyar Tibiri,
jaki gaba, itace ɗaure uku.
Illiya ya miƙe zai yi wa'azi,
tsoho ya ɗaga hannu:
"Yaro, reshe ne, uwar tana tsaye.
Gonar nan na gaje ta kamar tafin hannu.
Kututture na bari ya tofo, na yi ta sassabe ina zaɓe,
yau gawo da kalgo sun fi ɗari.
Wani ya zo da igiyar awo ya rungume su ɗaya ɗaya,
ya ce wai suna shan hayaƙin ƙasashen nesa.
Ya rubuta, ya tafi.
To, baƙi na ci a gonata shekara talatin,
wa zan kai wa lissafi?"

Illiya ya laluba takardun taro.
Babu shafin.

Daga shagon aski fanka ta yi tari, ta juya.
Yara suka ɗauka: "An kawo! An kawo!"
Kowa ya watse da gaskiyarsa a aljihu,
aka bar wa Nomau kofi biyar ba biya.

Na koma na kama ƙofa, tartsatsi ya tashi.
Ban san minti nawa aka ara mini ba.
Da magariba dai na biya ta tasha,
na karɓi ƙaramin panno, bashi, zuwa ranar kasuwa.
Ba don duniya ba, Allah ya gani.
Habsu ce ke da jarrabawa,
kuma hayaƙin aci-balbal na sa ta hawaye.