Sauke Kaya

Baba Ishaya ya dire wayarsa a kan teburina,
gilashinta a tsage, tana ƙamshin citta.
Ya ce, "Tun a Kakuri na danna,
na hau keke, na sauka a Barnawa,
shafin nan yana ta juyi kamar akuya a turke."

Da daddare na buɗe cikinsa, an ɗauke wuta,
janareton maƙwabci na tari a bayan katanga.
Shafi goma sha huɗu,
kowanne da rubutun umarni cushe a cikinsa:
lissafin buhu, kuɗin mota daga Kachia,
mai buɗe hoto, mai rufe shi,
abu ɗaya sak, sau goma sha huɗu.
Sadisu ne ya rubuta, kafin ya hau jirgi a Rigasa.
Ban zage shi ba. Na san irin gaggawar
da ke sa mutum ya ce gobe zai gyara.

Sai ka ce gida mai ɗaki goma sha huɗu,
kowane ɗaki da turminsa,
duk baƙon da ya yi sallama kuwa
sai an aza masa turmin a ka
kafin a ba shi ruwa.

Na shiga tsamowa.
Yanke nan, liƙa can, a fayil guda,
na raɗa masa suna, na ajiye shi gefe.
A gurbin da ya bari, layi ɗaya siriri:
mai neman turmi, yana tsakar gida.
Na ƙara masa da cewa, dakata tukuna,
baƙo ya zauna, sannan a fara daka.

A shafi na tara na ci karo da tsohon farashi,
an gyara ko'ina, an manta da nan.
Tun bara Baba ke yin kyauta bai sani ba.

Sai kuma komai ya mutu, allo fari fat.
Waƙafi ɗaya na bari a baya.
Ban same shi ba sai da aka kira assalatu,
shayina ya huce, sauro ya ƙoshi.

Yanzu waya za ta ɗauka sau ɗaya, ta adana,
shafi na biyu ba zai sake cin datar kowa ba.

Da hantsi ya dawo, takalmansa duk taɓo.
Ya danna. Kafin ya gyara hula
ga buhunansa a jere.
Ya ce, "Me ka ƙara masa?"
Na ce, "Ban ƙara komai ba, Baba, ragewa na yi."

Ya daɗe yana kallona,
mutumin da ya tsufa a gaban sikeli,
bai taɓa biyan kowa don ya rage nauyi ba.
Ya ƙirgo kuɗina, ya sake ƙirgawa,
ya bar mini citta mudu biyu a bakin ƙofa.