Mahauci da Kwanon Gwate

Shekara talatin da ɗaya ina juya tsire a Taminus,
hayaƙin kitse ya fi sabulu sanin rigata.
Ƙoda, hanta, tozo mai tsartuwa a kan garwashi,
duk abin da ya ƙi sayuwa kafin sha biyun dare
cikina ne kasuwarsa ta ƙarshe.

Sai ranar da nake hawan tudun Gangare
numfashi ya ƙwace mini a rabin hanya,
kamar tsohuwar tifa ta ɗauko yashi.

Likita Nanret ta daɗe tana duban takardar jinina.
Ta ce, "Malam Sallau, ka san yadda romo
ke kwana a tukunya cikin sanyin Jos,
da safe ka tarar ya yi farin murfi?"
Na ce, mahauci za a gaya wa wannan?
Ta ce, "To haka maiƙo ke kwanciya a hanyoyin jininka.
Kwalastarol ake ce masa."
Na ce, suna kamar na maganin sauro.
Ba ta yi dariya ba.

A gida Tasalla ba ta yi dogon zance ba.
Kwalbar man shanu ta koma gidan maƙwabta,
manja ya koma awon cokali,
kaskon suya aka kife shi a bayan randa
kamar yaron da ya yi laifi.

Ni da ban taɓa taya ganye ba,
ga ni a Farin Gada da buhu a hammata.
Mama Kaneng ta tafa hannu:
"Mai wuƙa, yau kai ne a layin alayyahu?"
Ta auna mini yakuwa, gauta, karas mai jiƙaƙƙiyar ƙasa,
ta ɗora fiya biyu gyara,
ta ce in ci, in bar tambaya.

Makon farko gwaten acca horo ne.
Na laluba kwano har gindi,
babu ƙashi, babu ɓargo,
sai wake da ɗan kifi suna kallona.
Mako na huɗu na ji harshena ya farka:
ashe yakuwa na da tsami iri biyu,
ashe gauta na da zaƙi bayan ɗacinta.

Da dare har yanzu ina bakin wuta,
sana'a ba riga ba ce da za a tuɓe.
Direba ya ce, "A sa mini kitse da yawa,"
wuƙata ta ɗan tsaya a iska.
Ba na wa'azi. Wa zai saurari kura tana hana cin akuya?
Sai dai na cika masa takarda da albasa da kabeji,
na rage abin da na rage, bai lura ba.

Ƙwaya ɗaya kafin barci. Tafiya bayan asuba.
Ranar Juma'a tsinke ɗaya, jan nama zalla,
ina taunarsa a hankali kamar mai karanta wasiƙa.

Likita ta ce lambar ta sauka, amma da saura.

Jiya na sake hawan Gangare,
jikata Ladidi a wuyana tana riƙe da hulata.
Sau ɗaya na tsaya,
shi ma ita ce ta ga mai atili.