Baturen da Bai Sa Hannu Ba

A ƙunshin ƙosai na fara ganin aikinsa,
shekarar da aka kore ni daga lakwal.
Takarda ce ta ƙetaro daga Jibiya
cikin buhun tsofaffin jaridu,
mai ya jiƙa ta har ana hangen yatsa ta baya.
Soja ne a rami, ya dafe hular kwano,
bakinsa a buɗe.
Da Ingilishi yake ihunsa,
ni ko Faransancin bai zauna mini ba.

Wata uku ina yi wa Tsahara ɗiban ruwa,
tana biyana da shafi.
Ban taɓa haɗa labari guda ba.
Jirgin da ya kama wuta ranar Talata
har yau bai faɗo ba.

Masu zanen da yawa, nasa daban.
Su suna gaggawar kaiwa ga bindiga,
shi sai ya tsaya kan igiyar takalmi,
kan hannun da ke rawa wajen ƙyasta ashana.
Hayaƙinsa da kauri, kamar ka gutsura.
Ba suna a sama, ba suna a ƙasa.
Na raɗa masa Mai Hayaƙi.

Kawu Nomau, wanda ya baro kunne guda a yaƙin Turawa,
ya juya shafin, ya sake juyawa.
Ya ce, "Tsoron dai haka yake.
To mu ina muke?
Mu muka ɗauki akwatunan nan."
Ya miƙo mini, ya koma kan tufkar igiyarsa.

Shekara arba'in ina fenti a Bagalam.
Allon aski, bayan gingimari,
kan rago a ƙofar mai tukuba.
Rabin Maraɗi na wucewa ta gaban inuwar nan ta ƙarƙashin haɓa,
ba wanda ya san aro ce.
Yaran shagona sun ɗauka tawa ce,
sun kai ta Tasawa da Dakwaro.

Ban sani ba ko yana raye. Da wuya.
Ya ga yaƙin da idonsa,
ko kuwa a tebur ya tsufa kamar ni,
yana bin cikon kuɗinsa?

Jiya na buɗe adaka,
gara ta cinye rabin fuskar sojan.
Na ɗauko buroshi na cike gurbin.
Da na ja da baya
sai ga tsagar kawu a kuncinsa.