Mai Tanderu a Tbilisi

Ƙarfe ukun dare nake hura tanderu,
gari na barci, kogin Mtkvari kaɗai ke magana.
Ni ne Otar. Shekara talatin da ɗaya
ina zura rabin jikina a ramin wuta
in manna ƙullu a bangonsa.

A da, burodin farko nawa ne,
na biyun ma nawa, da cuku mai gishiri.
Wa ke ƙirga loma a gidan kansa?

Sai ran da nake hawa benen ƙanwata Tsiala,
a hawa na uku wani baƙo ya zauna mini a ƙirji,
nauyin buhun fulawa,
ko sallama babu.

Likita Lamara ta ɗaga hoto a gaban fitila:
ga hanyoyin jininka, ta ce,
kamar bututun wanke-wanke
da aka shekara ana ɗura masa maiƙo.
Ta rubuta ƙwayoyi. Zancen agogo ni na kawo,
surukina ne ya jiyo:
a ci daga sha biyun rana zuwa takwas na dare,
sauran sa'o'in a bar ciki ya huta.
Ta ɗaga kafaɗa. Gwada mu gani,
amma magani ba ya azumi, ka sha abinka.

To ga kura an ba ta jiran nama.
Ƙamshi na bi na har cikin riga,
ina miƙa wa mutane da zafinsa,
ni kuwa ruwa, baƙin shayi, ruwa kuma.
Ƙarfe tara cikina na zagina da muryar kakana.
Ƙarfe goma ya gaji, ya yi shiru.

Wata huɗu. Bel ya koma baya huda biyu,
hawan jini ya ɗan sauko.
Ban san wa zan yaba ba, in ji Lamara,
agogon, ko ƙwayar, ko yawonka a bakin kogi.
Maiƙon yana nan.
Wata huɗu ba ya wanke shekara talatin.

Jiya na koma benen Tsiala.
A hawa na uku na tsaya da gangan,
na kasa kunne ga ƙirjina.
Baƙon bai zo ba. Ban ce ya manta hanya ba.

Sha biyu ta buga.
Na gutsuri burodin da ya huce tun safe,
na tauna a hankali,
ashe haka ɗanɗanonsa yake.