Ƙaurin Kunkuru

Na ɗauka shinkafata ce ta kama,
na ruga kicin, tukunya lafiya lau.
Na leƙa taga ko janaretan Mama Bolanle ne,
shi ma yana ta rurinsa, ba ruwansa.
Ashe daga ƙarƙashin kujera ƙaurin ke tasowa,
daga Kunkuru,
injin sharar da Murja ta aiko daga Lekki
wai in daina sunkuyo, bayana ya huta.

Ga shi can yana nishi,
yana zaga ƙafar tebur
kamar danfo ya rasa mafita a Oshodi.
Na dafa bayansa, zau!
Sai da na sa yatsa a baki.

Na kira Sagiru mai gyara a Ikeja.
Ta cikin hayaniyar kasuwa ya ce,
"Inna, kashe shi tukuna, zare caja daga bango.
Kada ki yayyafa masa ruwa,
ba jikanki ba ne da zazzaɓi.
Ajiye shi kan siminti, nesa da labule,
ya sha iska har ki idar da la'asar.
In batir ya kumbura kamar burodin Agege
kada ki sake kunnawa, ni zan zo."

Bayan sallah na kifa shi, ciki sama.
Batir shafe yake, alhamdu lillahi.
Amma burushin!
Zaren ɗinkina, ja da kore,
igiyar ledar burodi,
da gashi, gashi, dam kamar gammo,
ya shaƙe masa wuya.
Matatar kuwa ta toshe
da ƙurar da jirgin ƙasa ke raba mana kyauta.

Na sa almakashi ina yanka, ina zara.
Ban san furfurata ta kai haka ba.
Madubi bai taɓa faɗa mini ba,
ko ya faɗa ina sauri.

Can ƙuryar, kusa da taya,
wani abu ya maƙale.
Na zaƙulo da tsinken tsire:
ƙwayar carbin Malam Tanimu,
wanda ya tsinke daren da aka kai shi asibiti.
Casa'in da takwas na tsince a lokacin.
Shekara biyu ina sharar ɗakin nan.

Na kunna Kunkuru, ya tafi sumul,
ba ƙauri, ba nishi.
Sagiru ya bugo, "Inna, ya tashi?"
Na ce ya tashi.
Shinkafar ce dai ta kama.